Kowane Inji Da Lagonsa

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiyar tsofaffin ɗalibai





Lokacin da sakataren ƙungiya ya aiko mini da takarda cewa ni zan yi jawabi bana, ya ce in zaɓi duk abin da na ga zai amfani jama'a. Na san wasu sun zaci zan yi magana a kan ƙarin girma a wurin aiki ko kuwa batun fansho, tun da yake ma'aikacin gwamnati ne ni. To, sai ga shi na zo da maganar injin tsohuwar mota. Ni dai ba injiniya ba ne. Ilimin tattalin arziki na karanta a jami'a, kuma aikina bai wuce biro da fayil ba. Amma ina roƙon duk wanda ya yi mamakin wannan zaɓi ya leƙa filin da muka ajiye motoci a waje. Zai tarar mafi yawansu sun girmi 'ya'yanmu na fari, wasu ma an ƙera su tun kafin mu shiga aji ɗaya a wannan makaranta. Su ne ke kai mu ofis, su ke kai yaranmu makaranta, su ne kuma muke ɗauka da tsakar dare in ciwo ya tashi a gida. Abin da muka ɗora wa rayukanmu haka ya cancanci mu san halinsa.

Abin da ya same ni tsakanin Gwandu da Kalgo

Kamar yadda da yawanku suka sani, ni mutumin Gwandu ne, ina aiki a Birnin Kebbi, ina zaune da iyalina a Kalgo. A shekarar 2019 na ci bashin adashen ma'aikata na sayi mota, irin waɗanda muke kira 'yar Kwatano. Ba zan faɗi sunan kamfanin da ya ƙera ta ba, don kada a ce na zo ɓata wa wani kasuwa. Ta riga ta yi shekara goma sha takwas a duniya kafin ta shigo hannuna, amma fentinta na walƙiya, kujerunta kamar ba a taɓa zama a kai ba, injinta kuwa sai ka kasa kunne kafin ka ji yana aiki.

Akwai wani ɗan ajinmu, ga shi can zaune yana sunkuyar da kai, wanda bayan mun gama makaranta bai tafi jami'a ba, ya shiga gareji. Shi ke yi mini sabis. Wata rana a ƙarshen 2021 ya buɗe bonet, ya kara kunne, ya ce mini, "Mutumina, famfon ruwan nan ya fara kuka, kuma yana zubar da hawaye. A irin wannan inji, bel ɗin taimin ne ke juya shi. Ka kawo kuɗi mu canja su gaba ɗaya." Na tambaye shi nawa, ya faɗa. Na ce a bari sai an yi albashi. Da aka yi albashi na ce a bari sai bayan an biya kuɗin makarantar yara. Daga nan na ce sai bayan Sallah. A tsawon wannan lokaci kullum da safe sai in ɗebo ruwan rijiya a buta in ƙara wa lagireto, in ce ai mota tana tafiya.

A watan Afrilu na 2022, cikin azumi, aka bugo mini waya daga gida cewa Baba ya faɗi, bakinsa ya karkace, hannunsa na dama ba ya motsi. Na isa Gwandu kafin azahar, muka kwantar da shi a kujerar baya, ƙanena ya tallafe masa kai, muka kama hanyar babban asibitin da ke Kalgo. Ba mu yi minti ashirin da barin gari ba sai na ji wata 'yar ƙara daga gaba, kamar an tsinka igiya. Mota ta mutu. Na murɗa makulli, inji ya juya da sauri, sakayau, babu nauyi ko kaɗan, ya ƙi tashi. Rana tana tsaka, kwalta tana huci, Baba yana nishi a baya, ni kuwa ina tsaye gaban bonet da digirina ban san ko me zan taɓa ba.

Mun fi awa biyu a wurin. Motocin da suka wuce duk a cike suke. Daga ƙarshe Allah ya kawo wani dattijo da tsohuwar Peugeot 504 a-kori-kura, ya yi lodin albasa. Ya sauke yaron motarsa ya koma kan buhuna, aka zaunar da Baba a gaba, ya kai mu har ƙofar asibiti, ya kuma ƙi karɓar ko kwabo. A hanya na tambaye shi shekarar motar nawa a hannunsa, ya ce ta haura ashirin. Na ce, "Baba, ba ta ba ka wahala?" Ya ce, "Yaro, na san inda take ciwo. Ruwa ne lagonta. Ba na tayar da ita sai na duba ruwa da baƙin mai, kuma idona ba ya barin gejin zafi."

Baba ya rayu, alhamdu lillahi, amma har yau hannun nan bai koma daidai ba. Likita ya gaya mana cewa a irin wannan ciwo kowace awa tana da daraja. Ko da mun isa da wuri abin zai canja, Allah ne masani. Abin da na tabbatar shi ne an gargaɗe ni wata biyar kafin ranar, ban ji ba. Da aka janyo motar gareji aka kwance, sai ga famfon ruwa ya ci tsatsa ya cije, ya yage haƙoran bel, fistan ya daki bawul takwas ya lanƙwasa su. Gyaran ya cinye mini albashin wata biyu da rabi, alhali abin da aka nema da farko bai kai rabin albashin wata ɗaya ba.

Tun daga ranar kalmar dattijon nan ta zauna mini a rai. Na shiga tambayar kanikawa, na shiga karance-karance, kuma abin da na gano shi ne na kawo muku yau: babu injin da aka ƙera wanda ba shi da lago. Wani lagon tun daga kamfani ya taho da shi, wani tsufa ya kawo shi, wani kuma mu ne muka haƙa shi da hannunmu. Mai mota da ya san nasa lagon zai yi shekara ashirin da ita. Wanda bai sani ba, motar ce za ta nuna masa, kuma ba ta zaɓen ranar da ta dace.

Motocin iyayenmu

Malamanmu da suka kama aiki a zamanin Udoji sun fi ni sanin wannan babi, sai su gyara mini in na yi kuskure. A shekarar 1975 aka buɗe masana'antar harhaɗa Peugeot a Kaduna, a shekarar ce kuma aka fara harhaɗa Volkswagen a Legas. Daga nan ƙaramin ma'aikaci ya hau Beetle, babba ya hau 504. Har gobe in dattawa suka zauna za ka ji suna cewa ba a sake yin motoci irin waɗannan ba. Gaskiya ne suna da ƙarko, amma kowacce da nata rauni.

Mu ɗauki Beetle. Injinta a baya yake, kuma ba ya amfani da ruwa ko kaɗan, iska ce ke sanyaya shi. A ƙasar da ruwa ke wahala wannan abin so ne: babu lagireto balle ya yi yoyo. Amma a tsofaffin injinan, na'urar da ke sanyaya baƙin mai tana zaune ne a kan hanyar iskar da ke zuwa silinda ta uku. Saboda haka iskar da ke isa wannan silinda ta riga ta ɗumama, sai ta fi 'yan'uwanta uku zafi, kuma bawul ɗinta ne ya fi saurin ƙonewa ko karyewa. Kamfanin da kansa ya san da haka, shi ya sa a 1971 ya gusar da na'urar gefe a injinan da yake ƙerawa a Jamus, ya yi mata tata hanyar iska daban. Bayan wannan, bel ɗaya tak ke juya fankar da ke hura wa inji iska. In ya tsinke direba bai lura da jar wutar da ta kama ba, cikin 'yan mintoci inji ya gasu. Haka nan ba ta da matatar baƙin mai ta sosai, sai ɗan rariya, don haka dole a juye mai duk bayan kilomita 5,000 ko ƙasa da haka. Wanda ya san waɗannan abubuwa uku yakan yi yawo da bel na ajiya a mota, ya riƙa sa a daidaita masa bawul a kan kari, ya zauna lafiya.

Ita kuwa 504, wadda muke kira Fijo, a 1968 aka fito da ita a Faransa, ta ci kambun motar shekara ta Turai a 1969, ta kuma ci tseren Safari na ƙasar Kenya a 1975. An ci gaba da harhaɗa ta a Kaduna har zuwa wajen 2006, shekaru da dama bayan Faransa ta daina. Mu kanmu da muke yara a cikinta aka riƙa kai mu Sakkwato daga Birnin Kebbi, mutum tara ko goma a wagon ɗaya. Injinta sarƙa ke haɗa samansa da ƙasansa, kuma sarƙa ba ta tsinkewa ba sallama, sai ta daɗe tana ƙara tana ba ka labari. Kafireto da kwantak ɗinta kuwa ko a gindin bishiya bakanike zai gyara da sufana da 'yar takardar yashi.

To ina lagonta? Jikin injin baƙin ƙarfe ne na zubi, kan injin kuwa, wato abin da kanikawa ke kira tof silinda, alminiyam ne. Malaminmu na Fizik ya koya mana a wancan ɗakin gwaji cewa ƙarfe yana buɗewa in ya ji zafi, kuma alminiyam yana buɗewa kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe. A lokacin mun haddace ne don jarrabawa. Ga amfaninsa: in injin ya yi zafi fiye da kima, sama da ƙasa ba sa buɗewa daidai, sai kan injin ya gurɗe, gasket ɗin da ke tsakaninsu ya ƙone, ruwa ya haɗu da mai. Bugu da ƙari, silif ɗin da fistan ke hawa da sauka a ciki ba manne yake da jikin injin ba, zura shi ake yi, ruwa yana zagaye shi. Wannan dabara tana da kyau domin in inji ya tsufa sai a zare silif da fistan da ringi a zuba sababbi, ya koma kamar sabo. Amma in bakanike ya ɗaga kan inji ya juya karanshaf ba tare da ya danne silif ɗin ba, sai su motsa daga mazauninsu, abin da ya toshe ƙasansu ya saki, ruwa ya riƙa tsiyaya cikin baƙin mai. Mai mota ya biya kuɗin gasket, bayan mako biyu ya ga mai ya zama kamar shayi da madara, ya ce an yi masa sammu. Wannan shi ne abin da dattijon mai albasa yake nufi da ya ce ruwa ne lagonta.

Motocin zamaninmu

Tun daga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, muka koma ga na hannu daga Turai da Amurka. Waɗannan sun fi na iyayenmu gudu, sun fi su tattalin fetur, sun fi su sanyi a ciki. Sai dai ba su da haƙuri irin na da, kuma nasu lagon a ɓoye yake.

Na farko shi ne wanda ya kayar da ni, wato bel ɗin taimin. Bel ne na roba mai haƙora wanda ke tabbatar da cewa bawul ya buɗe ya rufe daidai lokacin da fistan ya ba shi wuri. A injina da yawa fistan da bawul wuri ɗaya suke amfani da shi, sai dai kowa da lokacinsa, kamar mutum biyu masu kwana a gado ɗaya, ɗaya na aikin dare ɗaya na rana. In kana tafiya allurar inji tana kan 3,000, karanshaf yana juyawa sau 50 a kowace daƙiƙa. Ranar da bel ya tsinke, bawul ya tsaya cak, fistan kuwa bai sani ba, sai karo. Kamfanoni da yawa sun ce a canja shi tsakanin kilomita 60,000 zuwa 100,000, ko bayan shekara biyar ko shida ko da motar ba ta yi tafiyar ba, domin roba tana tsufa ko a ajiye take. Bel ɗin yana cikin murfi, ido ba ya ganinsa, kuma sau da yawa ba ya kuka kafin ya tafi. A injina da dama shi ne ke juya famfon ruwa, don haka laifin famfo yakan zama ajalin bel. Duk wanda ya sayi mota ta hannu bai ga shaidar ranar da aka canja ba, ya ɗauka ba a taɓa canjawa ba. A kuma lura, motar da ta fito daga Amurka mil take ƙirgawa. In ka ga 100,000 a allonta, to ta yi kilomita kusan 161,000, in ma ba a mayar da lambar baya ba.

Na biyu, har kamfanonin da muka fi yarda da su suna yin kuskure, kuma sukan amsa. Toyota, wadda kowa ya shaida ƙarkonta, ta sha ƙorafi a Amurka kan wasu injinanta na tsakanin 1997 da 2002, masu lita 2.2 da masu lita 3.0, waɗanda baƙin mai ke daskarewa a cikinsu ya zama kamar kwalta ya toshe hanyoyinsa. A 2002 kamfanin ya yarda ya ɗauki nauyin gyara ga waɗanda suka nuna suna juye mai a kan kari. Haka kuma injin lita 2.4 da ke cikin Camry ta 2007 zuwa 2009, wadda ake kira Muscle a ƙasar nan, an same shi da shan baƙin mai saboda yadda aka tsara fistan da ringinsa. Kamfanin ya sanar da dilolinsa a 2011, daga baya ya tsawaita garanti don a canja fistan ga motocin da aka auna aka tabbatar suna shan mai. To, 'yan'uwa, wanda ya saya sabuwa a can ya mori wannan garanti. Mu da motar ke iso wa bayan shekara goma ko sha biyar, babu wanda zai aiko mana da wasiƙa. Motar tana da kyau, tana kuma iya yin shekaru tana hidima, amma mai ita dole ya zaro gejin mai kowane mako. In ya jira sai ranar sabis, wata rana zai ji inji ya buga.

Ban kawo waɗannan misalai don in kushe wata mota in yabi wata ba. Na kawo su ne don a gane cewa lagon kowane inji sananne ne, an rubuta shi, kanikawan kirki sun san shi. Tambaya kawai ake bukata.

Namu laifin

Laifi tudu ne, in ji Hausawa. Kafin mu hango na masu ƙira, bari mu duba wanda muke takawa.

Na ɗaya, ruwa. A watan Afrilu da Mayu zafin ƙasar Kabi yakan haura digiri 40, inji kuwa yana aiki ne a kusa da digiri 90. Tazarar da ke tsakanin lafiya da ɓarna ba ta da yawa. Duk da haka ruwan rijiya muke ɗura wa lagireto. Kowa ya leƙa cikin butar shayin gidansa ya ga farin dattin da ya manne. Irinsa ne ke toshe ƙananan bututun lagireto, ga kuma tsatsa da ke cin famfo. Ruwan kanti mai launin kore ko ja da muke ganin ɓarnar kuɗi ne, yana ɗauke da maganin tsatsa. Shi kansa murfin lagireto ba murfi ne kawai ba: yana matse ruwan ne don kada ya tafasa sai ya kai wajen digiri 120. In robarsa ta mutu, ko aka toshe bakin da leda da tsumma, ruwa zai tafasa tun inji bai yi wani laifi ba.

Na biyu, tamostat. Da zarar mota ta iso, sai a ce a cire shi, wai na ƙasar sanyi ne, a kuma haɗa fanka kai tsaye. Aikin tamostat shi ne ya sa inji ya kai zafin da ya dace da wuri, ya kuma tsaya a nan. Motar da ke da kwamfuta, in ta ji inji da sanyi, ƙara masa fetur take yi, fetur ɗin ya wanke man da ke jikin silinda, ringi ya ci. A wasu injinan ma tamostat ne ke rufe gajeriyar hanyar da ruwa ke bi ya koma inji ba tare da ya shiga lagireto ba, don haka cire shi yana iya ƙara zafin da ake gudu. In mota tana zafi, akwai dalili: ko lagireto ya toshe, ko fanka ta mutu, ko famfo ya gaji. A nemi dalilin.

Na uku, baƙin mai. Mun gaji al'adar zuba mai kauri, 20W-50, tun daga zamanin Fijo, muna zuba wa kowace mota. Injinan baya-bayan nan hanyoyin mansu ƙanana ne, da yawa 5W-30 ko 5W-20 suke bukata, kuma galibi an rubuta a kan murfin da ake zuba man. Ga kuma na jabu da ake sayarwa a galan ba hatimi.

Na huɗu, ƙura da fetur. Duk wanda ya bi hanya cikin hunturu ya san abin da matatar iska ke haɗiya. In ta yage aka bar ta, yashi ne ke shiga silinda. Fetur kuwa, mun tuna watan Fabrairu na 2022, lokacin da aka shigo da wanda sinadarin metanol ya yi wa yawa daga ƙasar Beljiyam, ya lalata motocin mutane, aka yi makonni ana layi. Wannan ta babban hannu ke nan. Na 'yan bumburutu kuwa babu wanda ya san abin da ke cikin jarka.

Na biyar, wutar gargaɗi. Na san mutumin da ya liƙe ta da baƙin salatif don tana damunsa. Motocin da aka yi don kasuwar Amurka tun daga 1996 suna da wata kafa a ƙarƙashin sitiyari inda ake jona na'ura ta faɗi abin da ke damun inji. Kanikawa da yawa a Birnin Kebbi suna da ita yanzu. Motar tana magana, mu ne ba ma saurare.

Abin da nake roƙo

Tun daga 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500 cikin 'yan kwanaki, darajar naira kuma ta faɗi, kayan gyara suka yi tsada. Maganar gaskiya ita ce yawancinmu ba za mu canja mota nan kusa ba. Wadda ke hannunmu da ita za mu tsufa. Saboda haka ina roƙon abubuwa huɗu.

Na farko, kowa ya koma gida ya binciki lambar injinsa, ba sunan motar kaɗai ba, ya tambayi bakanike mai gaskiya: bel gare shi ko sarƙa, wane mai yake sha, kuma ta ina irinsa suka saba mutuwa?

Na biyu, a sayi littafin rubutu irin na 'yan makaranta a ajiye a mota. Duk abin da aka canja a rubuta rana da lambar da ke allo. Mu ma'aikata muna buɗe wa kujera da tebur fayil a ofis, amma motar da muka ci bashi muka saya ba ta da ko takarda ɗaya.

Na uku, minti biyar kowace safiya kafin a tayar da inji: ruwa, mai, da duban ƙasa ko wani abu ya ɗiga. A kan hanya kuma in allurar zafi ta haura, a tsaya nan take, a kashe. Kada a buɗe murfin lagireto da zafi, kada a kwara wa inji ruwan sanyi. Jiran awa ɗaya a gefen hanya ya fi sayen sabon kan inji sauƙi.

Na huɗu ga shugabannin ƙungiya yake. A cikinmu akwai kanikawa, akwai masu gyaran waya, akwai masu sayar da kayan gyara. Ina ba da shawara a rubuta sunayensu a mujallarmu kamar yadda ake rubuta na likitoci da lauyoyi, a kuma gayyace su su riƙa yi wa ɗaliban wannan makaranta bayani a ranar zaɓen sana'a. Ina faɗin wannan ne da kunya, domin na san abin da ya sa ban ji maganar ɗan ajinmu ba. Ba rashin kuɗi ne kaɗai ba. A can cikin raina ina ganin ni na je jami'a, shi bai je ba, kuma ina zargin ko neman aiki yake. Ranar da ya zo ya janye motar, bai ce mini ai na gaya maka ba. Cewa ya yi, "Yaya jikin Baba?" Ina neman gafararsa a gaban malamanmu.

Motar tana nan a waje, ita ce ta kawo ni yau daga Kalgo. An canja bel a watan Mayu na 2022, kuma na rubuta ranar da za a sake canjawa a shafin farko na littafin.

 Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu daga cikin malamai da ɗalibai, ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya mayar da kowa gidansa lafiya.